Abin da Aka Ɗauke wa Mumini

Idan ka sauka a Ɗanbatta ka bi hanyar da ta ratsa gonakin gero da gyaɗa, waɗanda suka manne da juna har ba ka gane iyakar wani sai da layin gamba, za ka iske wani ƙauye da ake kira Kanyar Liman. A can akwai wani mutum, Malam Abdulmumini. Kada ka tambaya da wannan sunan, za a yi ta zagayawa da kai gidajen mutane. Ka ce Mumini Langa, ko tsohuwar da ba ta gani sai ta nuna maka ƙofarsa.

Dogo ne, baƙi, mai yawan murmushi, shekarunsa talatin da 'yan kai. Ƙafarsa ta dama ta fi ta hagu kauri, har telan garin ya san sai ya ƙara wa wandonsa faɗi ta ɓangare ɗaya. Shekara tara ya yi yana koyar da aji uku a firamaren garin, kuma duk tsawon shekarun nan ba shi da takardar shaidar malanta. Ya shiga kwaleji, ya yi shekara uku cur, ya fito babu ita. Labarin Mumini duk a kan takardar nan yake.

Langa dai wasa ne da kowane yaron karkara ya sani. Mutum ya kama yatsan ƙafarsa ɗaya ta baya, ya riƙa tsalle da ɗayar, yana ture abokan hamayya. Wanda ya faɗi ko ya saki ƙafa ya fita. Kowane ɓangare yana da mutum ɗaya da ake kira ruwa, shi ake tsarewa har ya ratsa ya kai wurin da aka shata, sai a ce ruwa ya sha. Tun Mumini yana ɗan shekara goma sha uku shi ne ruwan Kanyar Liman. Idan ya karkace kafaɗa ya wuce, sai ka ga ƙato ya tafi da baya yana neman abin kamawa.

Garin yana da wata al'ada. Bayan kaka, idan an gama kai amfani rumbu, ƙauyukan kewaye sukan haɗu da la'asar a kara a wasan langa. Duk wanda ya fitar da gari kunya, mai unguwa yakan kira shi gaban jama'a ya ce, "Na ɗauke maka aikin gayya na bana." Shi ke nan. Ranar yasar rijiya ko gyaran hanya ko ɗaurin shingen maƙabarta, ba mai aika masa. Ba a rubutawa, ba a maimaitawa, kuma ba a taɓa jin an dawo an ce da sauran magana ba. Sau biyar aka faɗa wa Mumini kalmar nan kafin ya gama sakandare, sau biyar tana cika.

Shi kuwa ba langa ce burinsa ba. Malanta yake so. Ya tashi yana ganin malaman firamarensu duk baƙi ne, suna zuwa hantsi, azahar ba ta yi ba sun fara leƙen hanya kada mota ta wuce su. Ya ƙudura a ransa shi zai zama malami ɗan gari, wanda ba ya sauri zuwa ko'ina. Kansa kuma ba laifi. Ba shi ne na ɗaya ba, amma sakamakonsa ya isa shiga kwaleji ba tare da an roƙi kowa ba.

A shekararsa ta ƙarshe aka yi gasar makarantun sakandare a Ɗanbatta, wani Malam Balarabe ya zo kallo. Shi ne mai kula da wasanni a wata kwalejin horar da malamai, wadda ba sai na ambaci sunanta ba. Mutum ne mai zaƙin baki da ƙamshin turare, irin wanda idan ya gaishe ka sai ka ji kamar kai kaɗai ya zo gani. Bayan kwana uku sai ga motarsa a ƙofar gidan Malam Sama'ilu, mahaifin Mumini.

Malam Sama'ilu ya saurare shi har ya gama, sannan ya gyara zama ya ce, "Yallaɓai, ka gafarce ni, ni manomi ne. Kana nufin akwai makarantar da ake zuwa don tsalle da ƙafa ɗaya?"

Malam Balarabe ya yi dariya har da dafa ƙirji. Ya ce, "Baba, karatu zai yi, malami zai fito. Langa ƙari ce kawai, yanzu ana gasarta tsakanin kwalejoji. Ka bar min shi a hannuna, daga yau ɗana ne."

Tsohon ya ji daɗin maganar nan ƙwarai. Ya sa aka kamo zabi biyu aka ɗaure aka sa a bayan mota, ya raka baƙon da addu'a har ya ɓace.

Su biyu suka tafi kwalejin daga garin a shekarar, Mumini da abokinsa Ikrima, wani siriri mai tabarau da kaifin harshe. Tun makon farko hanyarsu ta rabu. Aka kai Ikrima ɗakin da mutum goma sha biyu suke kwana, wasu a kan tabarma. Aka kai Mumini ɗakin 'yan wasa, su huɗu, da fanka. 'Yan wasa suna da shayi da ƙwai bayan atisayen safe, suna da riga mai sunan kwaleji a baya, kuma idan sun makara lakca ba mai mayar da su daga bakin ƙofa. Idan ma ba su je ba, akwai mai sa musu hannu a takardar halarta.

Wata safiya Mumini ya dawo daga fili ya tarar da Ikrima a layin famfo da bokiti, ya tsaya ya tsokane shi. Ashe ya taɓo inda ke ciwo.

Ikrima ya ce, "Wuce ka je ka ci ƙwanka. Mu da muka zo karatu ga mu a layi tun asuba, ku da kuka zo tsalle an cika muku randa. Wai nan makaranta ce ko dandali?"

Mumini ya ce, "Kai kana jin tsallen banza ne? Lokacin da kake kwance da littafi ni ina zagaya fili sau ashirin da ƙafa ɗaya. Idan an ambaci sunan kwalejin nan a rediyo, don tabarauka ake ambata?"

"Ni ban ce ba ka wahala ba. Ni ma ina wahala, amma ba wanda ya taɓa dafa min ƙwai."

Haka suka yi ta yi shekara biyu, yau su yi musu gobe su ci tuwo kwano ɗaya. Ni dai a ganina kowannensu yana da gaskiyarsa. Ikrima bai yi ƙarya ba, an bambanta su, kuma bambanci yana da zafi. Mumini ma bai yi ƙarya ba, guminsa kwaleji ke ci, lokacin karatunsa kuma a fili yake ƙarewa. Abin da babu wanda ya tsaya ya duba a cikinsu shi ne irin gatan da ake bayarwa. Ana ba ɗan wasa ƙwai da fanka, amma darasin da ya wuce shi ba mai zama ya maimaita masa.

A ƙarshen shekara ta biyu aka sa babbar gasar kwalejoji a wata jiha mai nisa, ranakunta suka faɗo daidai kan jarrabawa. Darasi uku na Mumini suna cikin makon. Hankalinsa ya tashi, ya bi sauran 'yan wasa zuwa ofishin Malam Balarabe.

Ya ce, "Yallaɓai, jarrabawar fa? Uku zan rasa."

Malam Balarabe yana haɗa takardu, ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, "Kada wannan ya dame ka, zakarana. Na yi magana da su, an ɗauke muku."

Mumini ya ji kalmar ta sauka a inda ta saba sauka. Babba ya faɗa, a gaban jama'a, don aikin fitar da kwaleji kunya. Ya yi godiya ya fita da zuciya fes.

Suka je suka yi abin da aka kai su yi. A wasan ƙarshe aka kayar da masu tsaronsa duka, ya rage shi kaɗai da mutum uku a gabansa. Ya zille wa na farko, ya bangaje na biyu, na uku ya kawo masa kafaɗa ya goce, mutumin ya wuce ya kife. Ruwa ya sha. Aka ɗauki Mumini a kafaɗa, aka yi hoto, shi da Malam Balarabe suna riƙe da kofi, kowa da hannu ɗaya.

Da suka dawo an riga an ba da hutu, gyaɗa kuma ta isa cira. Mumini ya ɗauki jakarsa ya nufi gida. A gona Ikrima ya same shi yana kaɗe ƙasa daga saiwa, ya ce, "Wai jarrabawar nan da aka ce an ɗauke maka, sun ba ka takarda?"

Kafin Mumini ya amsa, Malam Sama'ilu da ke kunya ta gaba ya miƙe ya dafa ƙugu. Ya ce, "Wace irin takarda? Babban mutum ya buɗe baki ya yi magana, sai yaro ya ce masa ya rubuta? Ka ce masa ba ka yarda da shi ba ke nan. Ba dai ɗan da na haifa ba."

Ikrima ya sunkuya ya kama taya su cira, don ba a ja da dattijo a gonarsa. A daidai makon nan kuwa, can a kwaleji, an manna sanarwa a allo cewa 'yan wasan da suka yi tafiya su zo su rubuta abin da ya wuce su. Abokan wasansa 'yan birni, waɗanda suka san halin ofis, suna nan suna shawagi, suka gani suka rubuta. Mumini yana da waya, lambarsa tana hannun Malam Balarabe. Ba wanda ya kira shi.

Da aka koma aka kafe sakamako, gurbi uku na gaban sunansa babu komai. Ya je ya tambaya. Malam Balarabe ya ce, "Kwamfuta ce, ana kan gyara. Kai dai ka mayar da hankali, akwai wata gasar bana." A nan ne ni nake jin haushin mutumin nan, fiye da ko'ina a labarin. A lokacin ƙofa a buɗe take. Da ya faɗa masa gaskiya, da Mumini ya sake zama darussan uku tare da 'yan bayansa, magana ta ƙare. Amma hakan zai hana shi atisayen yamma, kofi kuma yana bukatar mai kare shi. Mumini ya sake tafiya, ya sake ciyowa.

Aka yaye su Ikrima, sunan Mumini bai fito ba. Malam Balarabe ya dafa kafaɗarsa ya ce ya koma gida, da kansa zai kira shi. Daga nan aka shiga zarya. Duk bayan 'yan watanni Mumini ya hau mota ya je, a tarbe shi da fara'a da lemo mai sanyi, a nuna shi ga baƙi a ce ga wanda ya ciyo mana kofi sau biyu, a ce masa saura kaɗan. Sau da yawa ya tsaya a ƙofar ofishin jarrabawa zai shiga ya tambaya da kansa, sai ya ji kamar ya kai ƙarar ubansa ne. Ya juya.

A tsakanin nan firamaren garin ta rasa malami, iyaye suka roƙe shi ya riƙe aji uku kafin takardarsa ta iso. Ya riƙe, kuma ya iya. Yakan zana gidaje a ƙasa da tsinke, yara su riƙa tsallake su da ƙafa ɗaya suna rera jadawalin sau, wanda ya yi kuskure ya koma baya. Yaro ba ya barin ajinsa sai ya iya karanta wasiƙa. Shi ne farkon zuwa, shi ne mai kulle ƙofa. Ya yi aure, matarsa Aina'u takan goge masa riga da dutsen guga na gawayi kowace safiya, tana tsokanarsa da cewa malamin da ba shi da takarda ai sai ya fi kowa tsafta. Malam Sama'ilu ya rasu a shekara ta huɗu. Har a ciwonsa na ƙarshe yana tambaya ko saƙon Yallaɓai ya iso, yana cewa a yi haƙuri da manya, ayyuka ne suka yi musu yawa.

Shekara ta bakwai aka turo sabon hedimasta, sai ga Ikrima, ya ƙara tabarau ya ƙara tumbi kaɗan. A gaban yara suna Malam da Malam, idan an tashi su koma Mumini da Ikrima.

Bana aka aiko da umarnin tantance malamai. Duk mai koyarwa ya kawo takardar shaidarsa cikin mako shida. Masu sa kai da ke da ita za a ɗauke su aiki sosai, wanda ba shi da ita ya bar aji. Ikrima ya karanta wa Mumini, ya cire tabarau ya ce, "Don Allah wannan karon kada ka bi ta wurin mutumin nan. Shiga ofishin da kanka."

Ya shiga. Wata ma'aikaciya mai kirki ta nemo sunansa, ta juyo masa da fuskar kwamfuta. Darasi uku, a gaban kowanne an rubuta bai zauna ba. Ta ce ba a taɓa kawo wata magana a kansa ba, ko sau ɗaya, kuma wa'adin ɗalibtarsa ya ƙare tuntuni. Ta ga yadda ya dafa tebur, sai ta sassauta murya ta ce akwai hanya ɗaya. Idan mai kula da wasanni na lokacin ya rubuto cewa aikin kwaleji ne ya tafi da shi, kuma ba a sanar da shi ranar rama jarrabawa ba, kwamiti zai iya dubawa.

Malam Balarabe ya yi ritaya, ya zama Alhaji. Mumini ya same shi a falonsa da hantsi. A bango, sama da talabijin, ga hoton nan an sa masa gilashi, su biyu da kofi.

"A'a, zakarana! Shigo, shigo. A kawo lemo."

Mumini ya zauna a ƙasa, ya gaishe shi yadda ya kamata, ya faɗi abin da ya gani a ofis da abin da matar ta ce. Ya ce, "Layi uku kawai, Yallaɓai. Ka rubuta cewa kai ka ce an ɗauke mana, kuma ba a kira ni ba."

Fara'ar ta ragu a fuskar Alhaji Balarabe. Ya ce, "An ɗauke? Ni na ce an ɗauke? Ɗagewa na ce. An ɗage muku. Wa ya isa ya ɗauke wa ɗalibi jarrabawa? Kai ma da hankalinka."

Mumini ya ji kamar an zare masa ƙafar da yake tsaye a kai. Ya ce, "Yallaɓai, da kunnena na ji."

"To kunnenka ya ji ba daidai ba. Sauran ai sun rubuta."

"Da na zo da gurbi uku babu komai, me ya sa ka ce kwamfuta ce? Shekara goma ina zuwa, me ake gyarawa?"

Alhaji Balarabe ya kalli agogo. Ya ce, "Ka ga, Abdulmumini, ni na bar aiki lafiya, da sunana mai kyau. Ba zan sa hannu a takardar da za ta ce na yi sakaci ba. Kuma a faɗi gaskiya, kun ci gata a makarantar nan. Wane ɗalibi aka yi wa abin da aka yi muku?"

Ranar ce ta farko da ya kira shi da cikakken sunansa. Mumini ya daɗe yana kallon hoton. Baƙin ciki ya cika masa ƙirji, ba ma na takardar ba, na tsohon da ya mutu yana ba mutumin nan uzuri. Ya miƙe tsaye, abin da bai taɓa yi ba kafin a sallame shi.

Ya ce, "Ranar da ka zo gidanmu ka ce ni ɗanka ne, Baba bai ce ka rubuta ba. Ka ci amanata, Yallaɓai, ka ci tasa. Na bar ka da Allah."

Ya fita, lemon yana nan ba a buɗe ba.

Ikrima ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya rubuta wa na sama da shi, ya haɗa da sa hannun iyayen yara, ya je da kansa sau biyu. Aka ce masa doka ba ta san iya koyarwa ba, takarda ta sani. Wata yamma suna zaune a dakalin ƙofar gida ya ce wa Mumini, "Ka yafe min gorin ƙwan nan da na yi ta yi maka. Wallahi da na san abin da za a karɓa a madadinsa, da ban yi ƙyashi ba." Mumini ya yi murmushi ya ce ai ƙwan ma ba kullum yake dahuwa ba.

Ranar Alhamis ta mako na shida, Mumini yana tsakiyar darasi, Ikrima ya leƙo ya yafito shi. Suka tsaya a gindin darbejiyar da ke tsakar makaranta. Ikrima yana riƙe da ambulan, yana jujjuya ta, ya kasa haɗa ido da shi. Kalmar sallama ta ƙi fitowa daga bakinsa, ya yi ta neman wadda ta fi ta taushi, har ya samo.

Ya ce, "Malam Mumini, daga ranar Litinin an ɗauke maka aji uku."

Sai da ya faɗa sannan ya ji abin da ya faɗa. Mumini ya dube shi, ba fushi a fuskarsa.

Ya ce, "Ɗaukewa, Hedimasta, ko ɗagewa?"

Idon Ikrima ya kawo ruwa. Ya ce, "Ɗaukewa," ya miƙa masa ambulan.

Mumini ya buɗe ya karanta har ƙasa. Ga sunansa cikakke, ga kwanan wata, ga hatimi, ga sa hannu. Wannan karon an rubuta. Ya ninke takardar ya sa a aljihun rigar da Aina'u ta goge masa, ya koma aji, domin Litinin ba ta zo ba tukuna, kuma bai gama wa yaran jadawalin bakwai ba.